'Yan Furitan a Sabuwar Ingila: 'yancin addini suka je nema, ko nasu kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da tarihi a makarantar sakandare. Ina yawan jin cewa 'yan Furitan sun bar Ingila zuwa Sabuwar Ingila, wato arewa maso gabashin Amurka, don neman 'yancin addini, kuma su suka dasa dimokuraɗiyya a Amurka. A wani wurin kuma sai in karanta cewa su ne suka riƙa rataye mutane saboda bambancin aƙida da zargin maita. Wanne ne gaskiya? Yaya suka tafiyar da mulkinsu, kuma yaya zaman yau da kullum yake a garuruwansu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Duka biyun sun faru, kuma mutane ɗaya ne suka aikata su. Abin da zai sa ka daina ganin tufka da warwara a cikin labarin shi ne ka gane cewa komai nasu a kan alkawari aka gina shi. Sun yi imani cewa Allah yana hulɗa da al'umma kamar yadda ya yi da Bani Isra'ila: idan jama'a ta riƙe alkawari ta ga albarka, idan ta bar saɓo yana yawo a cikinta ba a tsawata ba, fushin ba zai tsaya kan mai laifin kaɗai ba, gari duka zai shafa. Wanda ya shiga alkawarin yana da bakin magana, har gwamna yana iya tuhuma. Wanda yake waje, ko ya shiga ya fara ja da shi, barazana ce ga kowa a ganinsu. Zaɓen shugabanni da korar masu saɓanin ra'ayi duk daga wannan tushe suka fito.

Asalin rigimar a Ingila take. Sarki Henry na Takwas ya raba cocin ƙasar da Fafaroma a 1534, amma bishop-bishop suna nan, rigunan limamai suna nan, durƙuso wajen karɓar jibi, wato burodi da ruwan inabi na ibada, yana nan. Wasu Furotesta masu bin koyarwar John Calvin suka ce gyaran bai kai ba, duk abin da ba a same shi a Littafi Mai Tsarki ba a fitar da shi daga ibada. Su ne aka laƙaba wa Furitan. Mafi yawansu suka ce a zauna ciki a gyara, 'yan kaɗan suka ce cocin ya riga ya lalace, sai ficewa. Ficewa kuwa laifi ne ga hukuma, tunda sarki shi ne shugaban coci.

Masu ficewar ne suka fara tafiya. Wata ƙaramar ikkilisiya daga ƙauyen Scrooby ta tsere zuwa Holan a 1608, ta zauna a birnin Leiden sama da shekara 10. Ka lura da wannan da kyau, domin yana gyara zancen 'yancin addinin: a Holan babu wanda ya hana su ibadarsu. Talauci ne ya dame su, da aikin wahala a masaƙu, da ganin 'ya'yansu suna sajewa da mutanen gari suna mance harshen iyayensu. Wuri suke so wanda su ne za su tsara shi daga tushe.

A watan Satumba na 1620 jirgin Mayflower ya tashi da fasinja 102, ya yi kwana 66 a teku. Bakin kogin Hudson suka nufa, sai suka tsinci kansu a Cape Cod, wajen iyakar da takardar izininsu ta yanka. Fiye da rabin mutanen jirgin ba 'yan ikkilisiyar ba ne, 'yan kasuwar Landan da suka zuba kuɗin tafiyar ne suka haɗo su, wasunsu kuma suka fara cewa tunda an sauka inda babu doka, kowa zai ci gashin kansa. Don a toshe wannan ɓaraka, ranar 11 ga Nuwamba maza 41 suka sa hannu a wata gajeriyar yarjejeniya tun suna cikin jirgi, suka ɗauki alkawari a gaban Allah da gaban juna cewa sun zama jama'a ɗaya, za su yi dokoki su kuma bi su.

Hunturun farko ya cinye kusan rabinsu. William Bradford, wanda ya yi musu gwamna kimanin shekara 30, ya rubuta cewa akwai lokacin da masu lafiya ba su wuce shida ko bakwai ba, su ke ɗebo itace, su ke girki, su ke wanke majinyata. Daga cikin manyan mata 18 da suka zo, huɗu ne kaɗai suka ga kakar 1621. Wurin da suka kafa garin Plymouth kuma kufai ne na wani gari mai suna Patuxet, wanda annoba ta share tsakanin 1616 da 1619, gonakinsa a share suna jiran mai shuka. Wani ɗan garin da ya tsira, Tisquantum, ya tsira ne domin wani kyaftin ɗin Ingila ya sace shi a 1614 ya kai shi Sifen don sayarwa. Ya kuɓuta, ya zauna Landan, ya dawo ya tarar da danginsa sun ƙare. Shi ya yi musu tafinta, ya nuna musu yadda ake binne kifi a gindin masara a matsayin taki. Massasoit, shugaban ƙabilar Wampanoag, ya ƙulla amana da su a watan Maris na 1621, yana da nasa lissafin: annobar ta raunana mutanensa, maƙwabtansa Narragansett kuma ba ta taɓa su ba, yana bukatar abokai masu bindiga.

Da farko gandu ɗaya suka yi, kowa ya yi aiki a zuba a rumbu guda, kamar yadda masu jarin suka sharɗanta. Yunwa ba ta sake su ba, samari suna gunagunin yi wa matan wasu da 'ya'yan wasu noma. A 1623 Bradford ya yanka wa kowane gida gayaunarsa ta masara, kuma ya ce daga nan har mata da yara suka riƙa fita gona da son ransu. Duk da haka Plymouth ƙaramin wuri ne, mutanensa kimanin 300 ne a 1630, kuma bashin 'yan kasuwar Landan bai bar wuyansu ba sai 1648.

Babbar hijirar ta Massachusetts ce. A 1629 Sarki Charles na Ɗaya ya sallami majalisar dokoki ya ci gaba da mulki shi kaɗai, Bishop William Laud kuma yana tsananta wa limaman Furitan, ga kasuwar tufafi ta faɗi a gabashin Ingila inda da yawansu suke. Wasu masu hali daga cikinsu suka sami takardar izinin sarki ta kafa kamfanin kasuwanci, sai suka lura takardar ba ta faɗi garin da shugabannin kamfanin za su riƙa zama ba. Suka naɗe ta suka tafi da ita Amurka. Da wannan dabara kamfani ya rikiɗe ya zama gwamnati, teku kuma ta shiga tsakaninta da sarki. John Winthrop, lauya mai gonaki daga Suffolk, ya jagoranci jirage 11 da mutum kimanin 700 a 1630, aka kafa Boston a watan Satumba, kusan 200 suka mutu kafin shekarar ta fita. Zuwa 1640 mutum kimanin 20,000 sun ƙetaro. Abin da ya bambanta su da na Virginia, inda akasari samari ne 'yan ƙwadago, shi ne sun zo gida-gida: miji da mata da 'ya'ya da barori, wani lokacin ikkilisiya guda tare da limaminta.

A nan nake so mu ɗan jima, domin yadda mulkin ya samu siffarsa shi ne ya fi ban sha'awa. Takardar ta ce masu hannun jari za su zaɓi gwamna da mataimakinsa da mashawarta 18, su kuma haɗu a Babbar Majalisa sau huɗu a shekara su yi dokoki. Masu hannun jarin da suka ƙetaro ba su fi a ƙirga da yatsu ba. A 1631 aka buɗe ƙofa aka ba maza sama da 100 ƙuri'a, amma da sharaɗi: daga yanzu sai cikakken ɗan ikkilisiya. Zama ɗan ikkilisiya kuwa ba zuwa coci ba ne kawai. Daga tsakiyar shekarun 1630, sai mutum ya tsaya gaban jama'a ya ba da labarin yadda ya gane zunubinsa, ya yanke ƙauna daga aikinsa, har ya ji alherin Allah ya sauka a zuciyarsa. A yi masa tambayoyi, a binciki halinsa wurin maƙwabta, sannan a karɓe shi ko a ce ya ƙara jira.

Winthrop da mashawartansa sun so su riƙe dokoki da haraji a hannunsu. A 1632 suka aza wa garuruwa kuɗin gina katanga a wani sabon gari, mutanen Watertown suka ƙi, limaminsu ya ce biyan harajin da ba a shawarce su ba hanya ce ta jefa kansu da zuriyarsu cikin bauta. A 1634 wakilan garuruwa suka ce a fito musu da takardar sarkin su gani da idonsu. Da suka karanta suka ga ikon yin doka na masu ƙuri'a ne gaba ɗaya, a zaɓen shekarar suka sauke Winthrop suka ɗora Thomas Dudley, kowane gari kuma ya fara tura wakilai. Winthrop ya sauka ba tare da tashin hankali ba, daga baya aka sake zaɓensa sau da yawa. A ƙarnin da sarakunan Turai ke cewa Allah kaɗai za su yi wa bayani, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ina ganin ya cancanci a yaba musu a kansa.

Rabuwar majalisar gida biyu ma, shari'ar macen alade ce ta jawo ta. Wata mata talaka, matar wani Sherman, ta zargi attajirin Boston Robert Keayne da kama aladenta da ta ɓata ya yanka. Keayne dama ba shi da farin jini: a 1639 an ci shi tarar fam 200 saboda tsawwala riba a kan ƙusoshi da maɓallai da linzami, har ya yi kuka a gaban ikkilisiya yana neman gafara. Da maganar ta kai Babbar Majalisa a 1642, yawancin wakilan garuruwa suka goyi bayan matar, yawancin mashawarta suka ce babu hujja. Gardamar ta koma kan ko mashawarta na da ikon hawa kujerar na-ƙi a kan rinjayen wakilai, a 1644 aka raba su zaure biyu, kowanne sai ya amince kafin doka ta tabbata.

Wakilan ne kuma suka matsa a rubuta dokoki, don kada hukunci ya dogara da ganin damar alƙali. Kundin 1641, wanda Nathaniel Ward ya tsara, ya ce ba za a taɓa ran mutum ko dukiyarsa ba sai bisa dokar da aka bayyana, ba za a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya ba, miji ba zai doki matarsa ba sai in kare kansa yake, har zaluntar dabbobin gida ya hana. Laifukan kisa 12 ya lissafa, kowanne da ayarsa daga Littafi Mai Tsarki, ciki har da bautar gumaka da saɓon Allah da maita da zina da matar aure. Satar dukiya ba ta ciki, alhali a Ingila ana rataye ɓarawo. A aikace kuma sun fi sassauci fiye da a takarda: dokar 1646 da ta halatta kashe ɗa mai taurin kai ga iyayensa ba a taɓa zartar da ita ba. Tara da bulala da turu a dandalin gari su ne hukuncin yau da kullum.

Ana yawan cewa mulkin limamai suka yi. Limamansu ba sa riƙe muƙamin gwamnati, kuma kundin 1641 ya ce korar mutum daga ikkilisiya ba ta sauke shi daga kujerarsa. Babu bishop, kowace ikkilisiya ita ke zaɓen limaminta ta kuma iya sallamarsa. Aure ma a gaban alƙali ake ɗaura shi, kotu kuma tana raba shi idan an yi watsi da mace ko an ci amana. Amma tasirin limamai babba ne: su ake tambaya fatawa kan manyan al'amura, su ke tsaron ƙofar ikkilisiya wadda ita ce ƙofar ƙuri'a, doka kuma ta tilasta wa kowa zuwa coci da biyan kuɗin albashin limami, ko ɗan ikkilisiya ne ko ba shi ba. Su da kansu ba su kira tsarinsu dimokuraɗiyya ba. John Cotton, babban limamin Boston, ya rubuta a 1636 cewa bai ga inda Allah ya tsara ta ba, ya kuma tambaya: idan jama'a ce ke mulki, wa za a mulka?

Rayuwar talaka a cikin gari take gudana. Majalisa takan ba wata ƙungiyar magidanta fili, su rubuta alkawarin garinsu, su raba ƙasar gwargwadon girman iyali da dukiya da matsayi: filin gida a tsakiya, gona a wajen gari, rabo a fadamar ciyawa, da makiyaya ta kowa da kowa. Alkawarin garin Dedham na 1636 ya nuna fuskokin nan biyu a shafi ɗaya. Ya ce duk saɓanin da ya taso a miƙa shi ga mutum ɗaya zuwa uku daga cikin gari su sasanta, ya kuma ce za a yi iya ƙoƙari a nisanta duk mai saɓanin ra'ayi. Taron gari ke yanke haraji da gyaran hanya da albashin malamin makaranta, ya zaɓi dattawan da za su riƙe al'amura tsakanin taro da taro, da mai duba shinge, da mai kama aladun da suka shiga gonar mutane. Daga 1647 har wanda ba ɗan ikkilisiya ba yana iya jefa ƙuri'a a harkar gari. Mata ba su da ƙuri'a ko kaɗan. Baƙon da ake tsoron zai zama nauyi ana ba shi sanarwar ya bar gari.

Masu zuwan farko a ramuka da bukkoki suka fara kwana. Daga baya gidan katako ne mai ɗaki ɗaya ko biyu, babban murhu da bututun hayaƙi a tsakiya, ƙananan tagogi, soro a sama inda yara ke kwana kusa da hatsi. A ɗakin murhun ake girki, a ci, a yi kaɗi, a yi addu'ar safe da yamma. Alkama ba ta yi musu kyau sosai ba, sai masara ta zama abincin gida: fate, da burodin masara haɗe da wani hatsi dangin alkama, da wake da kabewa da naman alade mai gishiri da kifi. Cokali da wuƙa da yatsu ake ci da su, sau da yawa mutum biyu a akushi ɗaya. Giya marar ƙarfi da barasar tuffa su ne abin shan kowa har yara. Maye ne laifi a wurinsu, shan kansa ba su hana ba. Hoton nan da ake zana su cikin baƙaƙen kaya ma ba haka yake ba, domin baƙin rini tsada gare shi, na masu hali ne da ranar Lahadi. Kayan yau da kullum ruwan ƙasa ne da ja-ja da shuɗi da kore. Dokar 1651 dai ta hana wanda dukiyarsa ba ta kai fam 200 ba sa adon zinariya ko azurfa. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci har ana biyan haraji da masara, ana ciniki da duwatsun wuya na ƙwanson teku da 'yan ƙasar ke yi, kafin Boston ta fara buga sulenta a 1652.

Aikin mace ba ya ƙarewa: tatsar shanu, man shanu da cuku, dafa giya, sabulu da kyandir, lambu, kaɗi, ga goyo kusan duk bayan shekara biyu. Mata kan yi aure da 'yan shekaru 20 da kaɗan, maza wajen 26, haihuwa bakwai ko takwas ba abin mamaki ba ce. Iskar karkara da ruwa mai tsabta sun sa sun fi 'yan'uwansu na Ingila tsawon rai. Binciken da aka yi kan garin Andover ya nuna magidantan farko sun kai kimanin shekara 70. Boston mai tashar jiragen ruwa ta fi shan annoba: limami Cotton Mather ya haifi 'ya'ya 15, biyu ne kaɗai suka rayu bayansa. Gwauro ba ya zama shi kaɗai, doka ta ce sai ya shiga ƙarƙashin wani gida. Yara kuma da sun tasa akan ba da su riƙo ko koyon sana'a a gidan wani, har 'ya'yan masu hali.

Ranar hutu tana farawa daga faɗuwar ranar Asabar. Ba aiki, ba tafiya, ba wasa. A ɗakin taron gari ake ibada, gini ne marar ado, ba gicciye ba hoto ba kayan kiɗa, kuma a cikinsa ake taron gari, wani lokacin har albarushi ake ajiyewa. Kwamiti ke raba wurin zama bisa shekaru da dukiya da daraja, maza gefe mata gefe, rabon nan kuwa ya sha haddasa gaba tsakanin gidaje. Wa'azi biyu ake yi, safe da yamma, ana auna shi da agogon rairayi, mutane da yawa suna rubuta abin da suka ji don su maimaita a gida. Ba a hura wuta a ɗakin. Alƙali Samuel Sewall ya rubuta a littafin ajiyarsa, a watan Janairu na 1686, cewa sanyi ya yi tsanani har burodin jibi ya daskare, ana jin ƙararsa yana faɗawa cikin faranti. Kirsimeti kuwa sun ɗauke ta bidi'a, daga 1659 zuwa 1681 duk wanda ya yi bikinta a Massachusetts tararsa sule biyar.

Inda ba na jin ana iya rage musu komai shi ne ilimi. Tunda kowa sai ya karanta Littafi Mai Tsarki da kansa, jahilci haɗari ne ga rai. Shekara shida kacal da kafa Boston, a 1636, majalisa ta ware fam 400 don kwalejin da ta zama Harvard. Injin buga littattafai ya fara aiki a Cambridge kafin 1640. Dokar 1642 ta ɗora wa iyaye da iyayen gida koya wa yara karatu, ta 1647 kuma ta ce garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai 100 ya buɗe makarantar share fagen kwaleji. 'Yan mata akasari karatu ake koya musu ban da rubutu, duk da haka daga cikinsu Anne Bradstreet ta fito, uwar 'ya'ya takwas, wadda aka buga waƙoƙinta a Landan a 1650.

Yanzu ga ɗaya fuskar. Ward ɗin nan da ya tsara kundin haƙƙoƙi shi ne ya rubuta a 1647 cewa masu wasu aƙidu suna da cikakken 'yancin su yi nesa da su. Roger Williams limami ne Furitan, amma ya ce hukuma ba ta da hurumi a kan imanin mutum, kuma sarkin Ingila ba shi da ikon kyautar da ƙasar da ke da masu ita. Aka yanke masa kora a 1635, ya tsere cikin dusar ƙanƙara, ya sami fili daga shugabannin Narragansett ya kafa garin Providence, tushen yankin Rhode Island. Idan kana neman tushen 'yancin addini a yankin, a Rhode Island yake, wurin wanda aka kora. Anne Hutchinson ungozoma ce da mutane 60 ko fiye ke taruwa a gidanta suna bitar wa'azi, ta ce yawancin limaman suna koyar da tsira ta hanyar aiki. A shari'arta ta 1637 ta yi ta mayar wa Winthrop da aya kan aya, har sai da ta ce Allah yana yi mata wahayi kai tsaye, aka kore ta. 'Yan ɗarikar Kweka, wasu Kiristoci masu ibada ba tare da limamai ba, suka fi shan wuya: bulala, yanke kunne, kora, da rataya ga wanda ya dawo. An rataye huɗu a Boston tsakanin 1659 da 1661, ciki har da Mary Dyer, sai da Sarki Charles na Biyu ya aiko da umarni aka daina.

Mafi nauyin abin ya faɗa kan masu ƙasar. Hatimin kamfanin Massachusetts hoton ɗan ƙasa ne yana cewa a ƙetaro a taimake su, amma Winthrop ya kafa hujja cewa ƙasar da ba a shinge ta ba, ba a kiwo a kanta, ta wanda ya raya ta ce, agana ta 1633 kuma suka ɗauke ta alamar Allah yana share musu wuri. A watan Mayu na 1637 sojojinsu da ƙawayensu 'yan ƙabilun Mohegan da Narragansett suka kewaye garin ƙabilar Pequot a Mystic da asuba suka cinna masa wuta. Mutum 400 zuwa 700 suka mutu, akasari mata da yara da tsofaffi. An kai wasu kamammun tsibiran Karebiyan, jirgin Desire ya dawo a 1638 da bayi 'yan Afirka, kundin 1641 kuma ya halatta bautar da fursunan yaƙi da baƙin da aka sayar musu. Bayan 1640, da hijira ta tsaya, arzikin Boston ya dogara sosai kan sayar da kifi da katako da dawaki ga gonakin rake na Barbados, inda bayi ke aiki. Limami John Eliot ya fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Massachusett a 1663, ya kafa garuruwan tubabbu irin su Natick, amma da yaƙi ya ɓarke a 1675 tsakanin Turawan da Metacom, ɗan Massasoit ɗin nan da ya karɓe su, tubabbun aka kwashe aka zuba a tsibirin Deer cikin hunturu, da yawa suka mutu. Shanu da aladu masu cinye gonakin 'yan ƙasa, da filaye da ke ta zamewa daga hannunsu, su suka ƙulla yaƙin. An rusa garuruwan Turawa kimanin 12, 'yan ƙasa dubbai suka hallaka, aka kashe Metacom a watan Agusta na 1676, aka kafa kansa a kan sanda a Plymouth sama da shekara 20, aka sayar da matarsa da ɗansa bayi.

Tsarin kansa ya fara sassautowa tun daga ciki. 'Ya'yan masu hijirar da yawa sun girma ba su iya ba da labarin tubar da ake bukata ba, har a 1662 aka yarda a yi wa 'ya'yansu baftisma ko da su ba cikakkun 'yan ikkilisiya ba ne. An soke takardar izinin a 1684, Sarki James na Biyu kuma ya turo Edmund Andros gwamna a 1686, wanda ya taƙaita taron gari ya aza haraji ba majalisa. Mutanen Boston suka kama shi suka tsare a 1689. Sabuwar takardar 1691 ta haɗe Plymouth da Massachusetts, sarki ke naɗa gwamna, ƙuri'a ta koma kan dukiya, aka kuma ba sauran Furotesta damar ibada.

Shari'ar maita ta Salem a 1692 cikin wannan ruɗani ta faru, ga yaƙi da Faransawa da ƙabilar Wabanaki a arewa, ga ƙauyen ya rabu biyu kan limaminsa Samuel Parris. Kotu ta musamman ta karɓi shaidar masu cewa kurwar wane ce ke zuwa tana azabtar da su, abin da wanda ake zargi ba shi da hanyar ƙaryatawa. Wanda ya amsa laifi ya ambaci wasu yakan tsira, wanda ya dage kan gaskiyarsa shi ake ratayewa. An rataye mutum 19, aka danne Giles Corey da duwatsu har ya mutu saboda ya ƙi amsa wa kotu, wasu suka mutu a kurkuku. Ba a ƙona kowa ba, saɓanin abin da ake yawan faɗa. Limami Increase Mather ya rubuta cewa gara mutum goma da ake zargi da maita su kuɓuta da a hukunta marar laifi ɗaya, Gwamna William Phips ya rushe kotun a watan Oktoba. A Janairun 1697 Sewall, ɗaya daga cikin alƙalan, ya miƙe tsaye a cikin ikkilisiyarsa aka karanta takardarsa ta ɗaukar laifi da kunya, a 1711 kuma majalisa ta biya iyalan diyya. Shi dai Sewall a 1700 ya buga ɗan littafi yana sukar cinikin bayi.

Taron gari bai mutu ba, har yau ƙananan garuruwa da yawa a Massachusetts da Vermont da Maine suna haɗuwa duk shekara su yanke kasafin kuɗinsu da ɗaga hannu. Tallafa wa coci da kuɗin haraji ma ya daɗe bayan 'yancin kan Amurka: Connecticut ta daina a 1818, Massachusetts kuwa sai 1833, ita ce jiha ta ƙarshe da ta yi hakan.